Yadda Za Ka Gane Ciwon Zuciya da na Jijiyoyin Jini, da Abin Yi Mataki-Mataki

Ciwon zuciya iri biyu ne wajen tafiya. Akwai mai tafiyar hawainiya, wanda zai shekara goma ko ashirin yana ɓarna a jiki ba tare da ko ciwon kai ba. Akwai kuma mai saukar aradu, wanda tsakanin farawarsa da aikin gama bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, wani lokaci ma 'yan mintoci. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutane sun juya musu magani. Na farkon da ke son haƙuri da naci, shi ake yi wa gaggawa: a sha ƙwaya mako biyu, a ji garau, a jefar da kwalin. Na biyun da ke son gudu, shi ake yi wa haƙuri: a ce olsa ce ta motsa, a sha maganin ƙwannafi, a kwanta, "bari mu ga safiya".

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9, wato kimanin kashi 32 cikin 100 na mace-macen duniya a shekarar. Kashi 85 cikin 100 na waɗannan, abu biyu ne suka jawo su: toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kuma ba ciwon masu hannu da shuni ba ne kamar yadda ake zato, don fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke aukuwa.

Kafin komai, san abin da ke cikin ƙirjinka

Zuciya tsoka ce da ba ta wuce girman dunƙulen hannunka ba, mai ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu da ke hana jini komawa baya. Ɓangaren dama yana tura jini huhu ya ɗebo iska, na hagu ya watsa shi ga sauran jiki. Tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, kuma ko kana kwance tana fitar da kimanin lita 5 na jini kowane minti.

Duk da jinin da ke cike da ita, tsokar zuciya ba daga ɗakunanta take shan rabonta ba. Tana da nata 'yan jijiyoyin da suka kewaye ta daga waje, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita uku ko huɗu ba. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a jikin bangonsu, hawan jini da taba da suga suna ƙara ƙuje bangon. Rana ɗaya tarin kitsen ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe ruf. In a zuciya abin ya faru, ɓangaren tsokar da jijiyar ke shayarwa ya fara mutuwa. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye. In a ƙafa ne, ƙafar ta fara ciwo, a ƙarshe ta iya ruɓewa. Cuta ɗaya ce, wurin saukarta ne ya bambanta.

Don haka abu huɗu ne kan lalace: jijiyoyi, tsokar kanta, ƙofofi, da lantarkin da ke tsara bugawar. (A nan sai an yi hattara da kalma. Mukan ce "ya samu bugun zuciya" muna nufin jijiyarsa ta toshe, alhali bugun zuciya shi ne abin da kowane mai rai ke da shi. Zan riƙa cewa toshewar jijiyar zuciya don kada a ruɗe.)

Mataki na farko: auna jininka, kuma ka auna shi daidai

Hawan jini ba ya sallama. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.28 'yan shekara 30 zuwa 79 ke ɗauke da shi, kuma kimanin kashi 46 cikin 100 ba su ma san suna da shi ba. Ciwon kai da jiri da ake jingina masa ba abin dogaro ba ne. Wani jininsa na 170 yana dariya da abokansa, wani kansa na sarawa alhali jininsa lafiya lau. Na'ura kaɗai ke raba gardama.

Lamba biyu take bayarwa. Ta sama ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ne abin so. In an auna a asibiti a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ne, ko da lamba ɗaya ce kawai ta kai. Likitocin Amurka tun 2017 sun sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80, shi ya sa za ka ga bayanai sun saɓa. A awon gida kuwa, 135 bisa 85 ake ɗauka, domin mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa.

Yadda aka yi awon yana iya ƙara lambar ko rage ta da yawa, har a ɗora wa mai lafiya magani ko a sallami mara lafiya. Minti 30 kafin awo kada ka sha taba ko kofi, kada ka yi aikin ƙarfi. Ka yi fitsari tukuna, don cikakkiyar mara tana ɗaga lambar. Zauna a kujera mai majingini minti biyar, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba. Ɗora hannunka a kan tebur ya zo daidai da tsakiyar ƙirji, a ɗaura abin matsin a kan fatar damtse, ba a kan riga ba. In damtsenka mai kauri ne, nemi babban maɗauri, ƙarami zai ba ka lambar da ta wuce ta gaskiya. Kada ka yi magana har na'urar ta gama. Auna sau biyu, tazarar minti ɗaya. In so kake ka san ainihin matsayinka, yi haka safe da yamma kwana bakwai, ka rubuta, ka zubar da na ranar farko, ka kai wa likita sauran. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

Lamba ɗaya ce ba a jira da ita: 180 bisa 120 ko fiye. In ba ka jin komai, huta minti biyar ka sake, in tana nan ka ga likita a ranar. In kuwa ta zo da ciwon ƙirji, ko haki, ko gani dishi-dishi, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar wani sashe na jiki, to sashen gaggawa kai tsaye. Kada ka ninka ƙwayoyinka don ka sauke shi da kanka, faɗuwar jini farat ɗaya tana iya yanke wa ƙwaƙwalwa nata rabon.

Mai juna biyu hukuncinta daban. Bayan mako na 20, awon 140 bisa 90, musamman in ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ko ciwo a saman ciki, alama ce ta abin da kan kai ga jijjiga. Ba a kwana da shi a gida.

Mataki na biyu: sauran awon da ke cike hoton

A 1948 aka fara wani bincike a garin Firamingham na Amurka, inda aka riƙa bibiyar lafiyar mutum dubu biyar da ɗoriya shekara da shekaru. Daga nan duniya ta tabbatar da abubuwan da ke share wa ciwon zuciya hanya: hawan jini, taba, yawan kolestarol (wani nau'in kitsen jini), ciwon suga, ƙiba, da yawan shekaru. Saboda haka ka nemi a gwada maka suga, da kitsen jini, da aikin ƙoda. Ka kuma tambayi manya a gida tarihin dangi. In mahaifi ko ɗan'uwa ya yi ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, faɗa wa likita, domin wannan yana sauya lissafinsa.

Sai awon da ba ya bukatar na'ura. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa, ka ƙirga bugun minti guda cur. Babba a hutu yana tsakanin 60 da 100. Amma kada ka tsaya ga adadi, saurari tsarin. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na uku: karanta ciwon ƙirji

Nan ne aka fi yin asara, don haka bari mu ɗan daɗe.

Ciwon jijiyar zuciya ba kasafai yake zuwa kamar suka ba. Masu shi kan ce nauyi ne, kamar an ɗora musu dutse, ko an ɗaure ƙirjin da igiya ana ja, ko wani zafi a bayan ƙashin ƙirji. Ka ce ya nuna maka wurin, ba zai nuna da yatsa ɗaya ba, sai ya dafe tsakiyar ƙirjin da tafin hannu ko ya dunƙule hannu a kai. Yana iya gangarawa hannun hagu, ko duka hannayen, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, ko ya ratsa baya, ko ya sauka saman ciki. Wannan na ƙarshen shi ke sa a ɗauke shi olsa.

In jijiyar ta tsuke ne ba ta toshe ba, ciwon yana da ɗabi'a sananniya. Yana zuwa in ka hau bene, ko ka yi sauri, ko ka ɗauki kaya, ko ranka ya ɓaci, ka tsaya ka huta ya lafa cikin 'yan mintoci. Wannan gargaɗi ne, kuma yana bukatar likita cikin kwanaki, ba watanni ba. Ranar da ya sauya hali, wato ya fara zuwa kana zaune, ko ya tashe ka daga barci, ko ɗan aikin da ba ya tayar da shi a da yanzu yana tayar da shi, to ya bar sahun gargaɗi ya shiga na gaggawa.

Toshewar kanta kuwa, ciwon ba ya lafawa da hutu. Ya wuce minti goma, goma sha biyar, yana nan, ko ya tafi ya dawo. Sau da yawa yana tare da zufa mai sanyi, tashin zuciya ko amai, haki, jiri, da wani tsoro da mutum ba zai iya bayyana dalilinsa ba. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga sukan zo ba tare da ciwon ƙirji mai ƙarfi ba: kasala ce kawai da ba a saba ba, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon baya da muƙamuƙi, ko tsoho ya rikice haka kawai. Suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, shi ya sa mai shi zai iya samun toshewa bai ji komai ba sai zufa.

Ciwon da za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, wanda ke ƙaruwa in an danna wurin ko in ka juya jiki, ko ya soke ka na daƙiƙa biyu ya wuce, galibi na tsoka ne ko haƙarƙari. Na ce galibi. A ganina, mutumin da ya haura arba'in, ko mai suga, ko mai hawan jini, ko mai shan taba, ba shi da hurumin yanke wa kansa wannan hukunci. Kuma jin sauƙi bayan shan maganin ƙwannafi ba shaida ba ce. Gara a yi maka gwaji a ce iska ce ka koma gida kana jin kunya.

Akwai wani ciwon da ya kamata a sani daban: wanda ya zo farat ɗaya da cikakken ƙarfinsa, kamar ana yaga abu, yana ratsawa tsakanin kafaɗu. Yana iya zama tsagewar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. A wannan ba a ba da asfirin.

Mataki na huɗu: awar farko

Kira lambar agajin gaggawa ta inda kake, ko a nemi mota nan take. Mara lafiya kada ya tuƙa kansa. A zaunar da shi ya jingina, gwiwoyi a ɗan tanƙware, a sassauta masa tufafi, a hana shi zirga-zirga. In yana cikin hayyacinsa, asfirin ba ya yi masa illa, ba ya zubar jini, ba shi da gyambon ciki mai jini, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, ba haɗiya ba, don taunawa ta fi saurin kai shi jini. In likita ya taɓa rubuta masa ƙwayar ƙarƙashin harshe ko ta fesawa, ya yi amfani da ita a zaune, in minti biyar ya wuce ciwon bai saki ba kada a tsaya jiran ta biyu ta yi aiki kafin a tafi. Wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin Viagra cikin awa 24 kada ya kusanci wannan ƙwayar, haɗuwarsu tana kayar da jini warwas. Ya faɗa wa likita gaskiya, ba wurin jin nauyi ba ne.

In da zaɓi, a nufi asibitin da ke da sashen zuciya. Da isa, kada a ce "ba ya jin daɗi", a ce "ciwon ƙirji ne, ya fara ƙarfe kaza". Ƙa'ida ita ce a yi masa awon lantarkin zuciya, wanda ake kira ECG, cikin minti 10. Za a kuma ɗebi jini a nemi wani sinadari da tsokar zuciya ke zubarwa in ta ji rauni, a maimaita bayan 'yan awanni, don na farko yana iya fitowa lafiya. ECG ɗin ma haka.

Hanya biyu ake buɗe jijiya. Mafi inganci ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuciya, a hura ɗan balan-balan a inda ya toshe, a bar 'yar ragar ƙarfe ta riƙe wurin a buɗe. Wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, shi ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik a 1977. In ba za a samu wannan cikin kimanin awa biyu ba, sai a yi allurar narkar da gudan jini, wadda ake bayarwa cikin awa 12 da fara ciwo, amma amfaninta ya fi yawa nesa ba kusa ba a awannin farko. In jijiyoyi da yawa ne suka lalace, tiyata ake yi a ɗauko jijiya daga ƙafa ko bangon ƙirji a yi wa jinin kwana. Tsokar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, tabo take zama. Abin da ake tsere da shi ke nan.

Mataki na biyar: in ya faɗi, ba numfashi

Wannan tsayawar zuciya ce, kuma ba a kai shi asibiti tukuna, a nan inda ya faɗi ake fara aiki. Girgiza kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, dubi ƙirjinsa, kada ka wuce daƙiƙa goma. Ba ya numfashi, ko yana wani jan iska jefi-jefi kamar gargara? Wannan ba numfashi ba ne. Nuna mutum ɗaya ka ce kai kira agaji, don in ka ce "a kira" kowa zai zaci wani ya kira.

Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba. Durƙusa a gefensa, ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe. Danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, ka bari ya dawo, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. In an koya maka hura iska, bayan dannawa 30 ka hura sau biyu. In ba a koya maka ba, ci gaba da dannawa kawai. Za ka iya jin haƙarƙari ya yi ƙara, kada ka tsaya, karaya tana warkewa. Ku riƙa karɓar juna duk minti biyu, don hannu yana gajiya kafin mai shi ya ankara. In akwai na'urar jan zuciya da lantarki, irin wadda ake ratayewa a filayen jirgi da manyan gine-gine, a kunna ta, ita da kanta za ta faɗi abin yi. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida in jini bai kai mata ba. Yayyafa ruwa da fifita da ɗura abu a baki duk cin wannan lokacin suke yi.

Mataki na shida: shanyewar ɓarin jiki

Abu uku za ka duba, ba sa cin minti guda. Ce ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace. Ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na zamewa ƙasa. Ce ya maimaita gajeriyar magana, ka ji ko harshe ya sarƙe ko kalmomin sun rikice. Ɗaya daga cikinsu ya isa. Haka nan ɗaukewar gani farat ɗaya, ko tangaɗi, ko ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba.

Dubi agogo, ka riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya, shi likita zai fara tambaya. Allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa tana da wa'adin awa huɗu da rabi, zaro gudan da bututu kuma awa 6, a wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya har 24.

A nan kada ka ba da asfirin. Mafi yawan shanyewar jiki toshewa ce, amma wani kaso fashewar jijiya ce, jini na zuba a ƙwaƙwalwa, kuma ido ba ya bambance su sai an yi hoton kai. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko ƙwaya, don haɗiya kan lalace, abin ya bi ta huhu. In yana gyangyaɗi a kwantar da shi ta gefe. In mai suga ne a auna sugan, faɗuwarsa tana kwaikwayon wannan ciwo sak.

Wani lokaci alamun sukan zo su wuce cikin mintoci, mutum ya koma garau. Kada a yi murna a zauna. Babbar shanyewar kan biyo baya, kuma kwanaki biyun farko su suka fi haɗari. A je a ranar.

Mataki na bakwai: masu zuwa a hankali

Gazawar zuciya ba tsayawa ba ce, rauni ne. Zuciyar ta kasa kwashe abin da ke zuwa mata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Mutum ya fara haki a tafiyar da a da ba ta dame shi ba, ya ƙara matashi don kwanciya miƙe tana shaƙe shi, ya farka tsakar dare yana neman iska, takalmi ya matse, in an danna ƙauri yatsa ya bar rami. Hoton sikanin zuciya ke tabbatarwa, ya kuma nuna ko tsoka ce ko ƙofa. Ƙwayar sa fitsari irin furosemid tana sauke ruwan, mutum ya ji daɗi, amma ba ita ke ƙara kwana ba a lissafin likitoci. Masu yin wannan su ne sauran da ake haɗawa da ita, irin su lisinofiril, bisofurolol, sifironolakton da dafagiliflozin, waɗanda ba ka jin aikinsu a jiki, shi ya sa su ake fara yarwa. Mai wannan ciwo ya hau sikeli kowace safiya. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba, a sanar da likita. Mace kuma da ta fara haki da kumburi a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, a duba zuciyarta, kada a ce gajiyar jego ce.

Yanzu bugun nan da ka ƙirga. In ba shi da tsari kwata-kwata, yana sauri yana tsallake, yana iya zama karkarwar ɗakunan sama na zuciya. Jini kan kwanta a can ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, haɗarin shanyewar jiki ya ninka kusan sau biyar. ECG ke tabbatarwa, maganin kuwa masu tsinka jini ne irin warfarin ko afiksaban. Asfirin bai wadatar a nan ba. Suma ana cikin aiki ko motsa jiki ita ma ta likitan zuciya ce.

Ƙafa tana da labari biyu. Ciwon sha-raɓa da ke zuwa in an yi tafiya ya lafa in an tsaya, tare da sanyin ƙafa ko gyambon da ya ƙi warkewa, tsukewar jijiya ce, kuma mai ita a duba masa zuciya. Ƙafa ɗaya kuwa da ta kumbura ta yi zafi bayan tiyata, ko haihuwa, ko doguwar jinya, ko doguwar tafiya a zaune, gudan jini ne. Kada a murza ta. In ya ɓalle ya tafi huhu, sai haki farat ɗaya da suka a ƙirji, wannan na gaggawa ne.

Sai yara. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a 'yan shekara 5 zuwa 15, in na ƙwayar bakteriya ne ba a yi maganinsa ba, bayan mako biyu ko uku yana iya dawowa da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga wannan zuwa waccan, ya ci ƙofofin zuciya. Fenisilin ke hana shi tun a maƙogwaro. Wanda ya riga ya kamu, allurar fenisilin ce duk mako uku ko huɗu, shekaru masu yawa.

Mataki na takwas: zama da magani

Maganin hawan jini ba ya warkar da shi, riƙe shi yake yi. Lambar da ta sauka shaida ce ƙwayar tana aiki, ba shaidar an gama da ita ba. Yawancin mutane sai an haɗa musu iri biyu ko uku, wannan ba alamar ciwo ya yi tsanani ba ne. Kuma ƙwayar ba ta lalata ƙoda kamar yadda ake yaɗawa, hawan jinin da aka bari shi ke cinye ta.

Kowace tana da halinta. Amlodifin kan kumbura idon sawu. Lisinofiril kan sa busasshen tari, sai a musanya shi da losatan, kuma su biyun ba a shan su da juna biyu, mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun wuri. Ƙwayar rage kolestarol kan sa wasu ciwon tsoka. Duk abin da ya dame ka, koma a sauya maka, kada ka daina a ɓoye. Iri biyu ne ma dainawa farat ɗaya ke da haɗari na musamman: masu rage gudun zuciya, da masu hana jini daskarewa bayan an sa ragar ƙarfe, don ragar tana iya toshewa. Ka yi hattara da magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikulofenak, suna ɗaga jini suna tara ruwa, haka ma wasu magungunan mura. Mai lafiya kuma kada ya ɗora wa kansa asfirin kullum don rigakafi, zubar jinin da yake jawowa na iya fin amfaninsa.

A ɓangaren rayuwa, taba ce kan gaba: shekara guda da dainawa, haɗarin ciwon jijiyar zuciya yana sauka zuwa kusan rabin na mai sha. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Motsa jiki minti 150 a mako, tafiya da sauri ma ta wadatar, minti 30 sau biyar. Wanda ya tashi daga toshewar jijiya shi ma motsi yake bukata ba kwanciya ba, a hankali, bisa tsarin likitansa.

Sannan ka samu 'yar takarda ka rubuta sunayen magungunanka da adadinsu, da wanda jikinka ba ya karɓa, da ko kana shan mai tsinka jini, da lambar wanda za a kira. Ka sa ta a aljihu, ka ba wani a gida kwafinta, ka sabunta ta duk lokacin da aka sauya maka ƙwaya.